Ƙafar Malam Khiem

Har yau in na ji ƙamshin albasa da citta ana gasa su a kan gawayi, sai zuciyata ta koma layinmu na bayan kasuwa a birnin Hue, gidan Inna Gam. Gida ne kuma gidan abinci. A ɗakin gaba an jera 'yan tebura da ƙananan kujerun roba waɗanda in ka zauna gwiwarka ke gaisawa da haɓarka, bayan labule kicin, iyalin kuma suna kwana a benen katako. Taliyar shinkafa da romon naman sa suke sayarwa, shi ke nan, ba su da na biyu. Baba Thuc, maigidan, shi ke tsaron tukunya tun asuba yana yaɗe kumfa, Inna Gam ke zubawa, 'yarsu Thoa ke kai wa mutane da lemun tsami da barkono a ɗan faranti. In romo ya ƙare da tsakar rana a janyo ƙofa a rufe. Mu 'yan layin a nan muka girma, ba ka buƙatar faɗin abin da kake so, sun fi ka sanin cikinka.

Kowa ya san wanda ya fara buɗe maka ciniki da safe shi ke ɗauke da sa'ar ranar a ƙafarsa, amma Inna Gam ta fi kowa riƙe wannan magana. Tana da nata mai buɗewa, Kawu Bon mai aski na tsallaken layi, ƙato mai fara'a, wanda bai taɓa neman ragi ba saboda kwanonsa ya fi na kowa nama.

Ana nan sai aka kawo sabon malami makarantar firamaren unguwarmu, Malam Khiem, siririn saurayi ɗan ƙauye mai tsohon keke. Wata safiya ya hangi Thoa tana sharar ƙofar gida, gashinta ɗaure da zaren roba, sai ƙafarsa ta manta hanyar makaranta. Bawan Allah bai san tsarin gidan ba, ya riga Kawu Bon shiga. Ranar hannun ƙaramar tukunya ya cire, romo ya malale. Da ya sake yin sammako aka yini ana ruwa, ko kare bai leƙo ba. Inna ta haɗiye. A karo na gaba kuwa, bai gama shan romonsa ba Baba Thuc ya zame a kicin da bokiti a hannu, bayansa ya riƙe, sai da aka ɗauke shi.

Khiem bai kai ga hawa kekensa ba Inna Gam ta yagi jarida, ta kunna mata ashana, ta kaɗa wutar a bakin ƙofa da saman kujerar da ya zauna, tana korar baƙin jinin da ya bari. Ya waiwayo ya gani. Mu ma duk mun gani, kowa ya sunkuyar da kai cikin kwanonsa. Ban taɓa ganin kunnen mutum ya yi ja haka ba.

Amma so ba ya jin kunya ya daɗe. Shi da Thoa suka riƙa haɗuwa a bakin kogi in ta je sayo ganye, har magana ta yi nisa. Mahaifiyarsa ta taso daga ƙauye da tire an rufe shi da jan ƙyalle, ta zo nema wa ɗanta auren Thoa. Inna Gam ta ba ta shayi, ta tambayi lafiyar gona, sannan ta ce Thoa yarinya ce tukuna. Yarinyar da sa'o'inta ke goyon na biyu! Tsohuwa ta ɗauki tirenta. A bakin layi wata mai dogon baki ta ba ta labarin jaridar, ta koma gida tana rantsuwa ɗanta ba zai sake taka gidan da aka kore shi da wuta ba.

Ranar Thoa ta yi kukan da har mu maƙwabta muka ji ta bango. Ta ce wa uwarta ƙasa ce ta jiƙe Baba ya zame, ba mutum ya ture shi ba.

"Ke yarinya ce," in ji Inna. "Wanda zama ɗaya ya karya mini miji, shi zan ba ɗaki a gidana? Mai farar ƙafa ne, ko ya sani ko bai sani ba."

"To ni ce na ja shi ya shigo, Inna. Ki kunna mini tawa jaridar."

Mari ya tashi, irin wanda uwa ke yi ta fi 'yar jin zafinsa. Suka yi kwanaki suna aiki kafaɗa da kafaɗa ba mai ce wa wani uffan.

Yayan Thoa da ke aiki a birnin Saigon ya bugo waya shagon mai magani, inda ake kiran 'yan layinmu, ya ce ita da Khiem su hau mota su taho, shi zai tsaya musu, in an haihu Inna za ta huce. Thoa ta kai wa Khiem maganar da zafinta, har ta ƙulle kaya a zani. Ya saurare ta har ta gama.

"In na ɗauke ki ta bayan gida, na gaskata ta ke nan," ya ce. "Na shigo, ɗiya ta ɓace. Wace farar ƙafa ta wuce wannan?"

"To sai yaushe, Yaya Khiem? Sai na tsufa ina goge tebur?"

Ya ce bai sani ba, kuma ba zai yi mata ƙarya ba. Ta yi fushi da shi sosai, ta ce malaman makaranta ba su iya komai ba sai jiran ƙararrawa. Baba Thuc ne, yana kwance a tabarma da ciwon bayansa, ya kira ta ya gaya mata abin da ba a taɓa faɗa a gidan ba. Kafin a haifi yayanta akwai wani ɗa. Lokacin Inna na tallar romo a kafaɗa, wata safiya wani baƙo ya tsayar da ita, ya taya, ya ɗanɗana, ya tafi bai saya ba. Ta yi dariya ta wuce. Da ta dawo gida da yamma zazzaɓi ya riga ya tafi da yaron. Baba ya ce shi bai yarda baƙon ya kashe masa ɗa ba, amma uwa dole ta sami inda za ta ajiye irin wannan ciwo, ita kuwa a nan ta ajiye nata. Thoa ta kwance ƙullin kayanta. Ta je ta ba Khiem labarin.

Daga nan ya sauya lokaci. Tunda ba a son shi a farko, sai ya koma zuwa a ƙarshe, in an tashi yara da rana, lokacin da tukunya ta kai ƙasa, romo ya yi kauri ya yi gishiri, sai guntayen ƙashi. Ba wanda ya taɓa cewa na ƙarshe na ɓata ciniki, don haka Inna ba ta da hujjar hana shi. Ya gaishe ta da hannu biyu, ta amsa tana kallon ludayi. Mu kuwa muka sa masa suna Malam Ƙarshen Tukunya, har yaran ajinsa suka ɗauka. Kawu Bon kan leƙo daga shagonsa ya tambaye shi ko yau an rage masa ƙashi ko kyanwa ta riga shi. Shi dai sai murmushi. Thoa na goge teburin da ke kusa da shi sau uku a rana ɗaya, Baba Thuc kuma ya koyi ɓoye yankan nama a ƙarƙashin taliya. Ina jin Inna ta sani, don ba abin da ke fita daga tukunyarta ba ta ƙirga da ido ba.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. A ƙauye haƙurin mahaifiyarsa ya ƙare. Ta aiko masa cewa ta ga yarinya 'yar mutunci, in sabuwar shekara ta kama ba a amsa masa a birni ba, za ta kai tire can, in ya ƙi kuwa ya nemi wata uwar. Thoa ta rame har wuyan rigarta ya yi mata yawa. Gaskiya a lokacin ni ma na fid da rai, kuma na ji haushin Inna Gam ƙwarai, duk da ban fasa cin taliyarta ba.

Sai ga ambaliya. Mun saba da ita duk shekara, amma ta wannan shekarar ta wuce sani, ruwa ya kai ƙirjin babba a cikin ɗaki. Kowa ya haye bene da shinkafarsa da hotunan kakanni. Abin da duk ɗan Hue ya sani shi ne, ranar da ruwa ya fara ja, a ranar ake wanke gida. Kana dama lakar kana tura ta tana bin ruwan waje. In ka bari ya tafi ya bar ta, ta bushe ta zama siminti, sai ka yi wata kana sara.

Gari na wayewa ruwan ya fara sauka. Daga tagarmu ina hangen cikin gidansu. Laka ta cika babbar tukunyar, wadda Inna ta gada wurin uwarta, ta kife ta a bakin labule ta tare hanya. Inna da Thoa suka ja, suka tura, ko motsi. Baba Thuc na zaune a matakala, baya ya hana shi komai, hawayen takaici na zubo masa. Inna ta ƙwala wa Kawu Bon kira. Ya leƙo daga benensa da bargo a ka, ya ce mura ta kama shi, ga tasa lakar ma tana jiransa.

Can sai ga mutum daga bakin layi yana keta ruwa har ƙugu, da ƙullin abinci a ka da dogon katakon tura laka a kafaɗa. Khiem ne, daga makaranta inda ya kwana da waɗanda ruwa ya kora. Ya iso bakin ƙofa ya tsaya cak.

"Shigo mana, Yaya Khiem, tukunyar ta fi ƙarfinmu," in ji Thoa.

"Akwai wanda ya shigo yau?"

"Wa zai shigo cikin wannan ruwa?"

"To bari wani ya fara."

Ya miƙa mata ƙullin daga waje. Ta roƙe shi, ta zage shi, ta yi kuka, bai ɗaga ƙafa ba. Sai ya zura katakon ta ƙofa iya tsawon hannunsa, ya shiga janyo lakar daga inda yake tsaye. Ruwan nan sanyi gare shi kamar ƙanƙara. Leɓɓansa suka yi baƙi, haƙoransa na kaɗawa, da ruwa ya ƙara sauka kuma muka ga kwanon rufi ya yanke shi a ƙwauri, jini na bin ƙafar. Lokaci-lokaci yakan ɗaga kai ya dubi layi ko wani zai ɓullo. Ba kowa.

Inna Gam ta juya masa baya tana kwasar laka da faranti kamar ba ta san da shi ba. Ta daɗe a haka. Sannan na ga hannunta ya tsaya. Ta juyo ta dubi yaron da ta kora da wuta a gaban jama'a, ga shi yana rawar sanyi a ƙofarta yana kiyaye mata dokar da aka ci mutuncinsa da ita, alhali ba mai ganin laifinsa in ya karya ta a rana irin wannan.

"Malam, shigo," ta ce.

"Inna, ba wanda ya shigo tukuna."

"Ina da ido. Ai kai nake so ka fara." Ta ajiye farantin. "Shigo, ɗana, ka ji? Na gaji da jin tsoro."

Ya tsallako. Kafin ya taɓa tukunya sai da ta zaunar da shi a matakala kusa da Baba, ta yagi gefen rigarta ta ɗaure masa ƙafa, tana yi masa faɗan ya cika taurin kai, hawaye na ɗiga a kan hannunta. Su uku suka tayar da tukunyar, kafin rana ta yi tsaka gidan ya fita fes.

Ranar da aka sake buɗewa, Kawu Bon ya taho da murmushinsa, mura ta warke, Inna ta ce ya ɗan jira a waje. Khiem ta zaunar ta zuba wa kwanon farko. In na ce muku ranar an yi cinikin da ba a taɓa yi ba, na yi ƙarya. Rabin romon ya kwana. Muka zuba ido mu ga ko za a nemi ashana, sai Inna ta taɓe baki ta ce mutane na fama da laka, wa ke da sukunin cin taliya. Kafin sabuwar shekara ita da kanta ta hau mota zuwa ƙauye ta ba mahaifiyarsa haƙuri, abin da ba a saba gani ba daga wajen uwar mace. Aka yi biki a cikin layinmu, a kan kujerun robar nan.

Yau Inna da Baba duk sun rasu, sun koma hoto a saman kantar shagon, ana kunna musu turare. An faɗaɗa layin, an zuba tayil a shagon, Thoa ce ke riƙe da ludayi da furfura a goshinta, romon kuwa a bakina bai kai na da ba, ko da yake wataƙila bakin ne ya tsufa.

'Yan mata da samari, ku riƙe wannan. Sau da yawa in iyaye sun tare muku hanya, ba ƙiyayya ba ce, wani tsohon ciwo ne da ba su iya faɗa ba. Gardama ba ta warkar da shi, gudu kuma ƙara shi yake yi. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Khiem bai taɓa ce wa Inna Gam ta yi kuskure ba, tsayawa kawai ya yi a ƙofarta har ta kira shi ɗa.