Ɗan Kasuwar da Abdulrahim Ya Zana

Ranar da Kellu ta fara ganin Abdulrahim, a tsugune ta same shi gaban rumfar babanta, ya ɗora wata faffaɗar waya a gwiwa yana ta jan layi. Shi kuwa Baba Zarami yana kan tsohuwar kujerar tirelarsa, ya rufe fuska da hula yana sharar barci, alhali kasuwa na tsaka da ci.

Ta dire kular abinci ta ce, "Malam, lafiya? In saye ka zo yi ka tashe shi. In sata ce ɗauki ka tafi, ba zai bi ka ba."

Ya ɗago a rikice, ya juyo mata da fuskar wayar. Babanta ne sak, har tabarau ɗinsa mai ido ɗaya da zanen kumatunsa. Ta so ta ci gaba da ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata.

Duk Potiskum an san rumfar nan. Kwaɗo ba mabuɗi, mabuɗai ba kwaɗo, ƙararrawar raƙumi, madubin tirela, ƙwan jimina, takalmi wari guda, duk a jibge kamar an zazzage buhu. Baba Zarami ba ya faɗin farashi. Zaunar da kai zai yi ya zuba maka shayi, ya tambaye ka me za ka yi da abin. In labarinka ya yi masa daɗi ka tafi da shi kyauta, in bai yi ba ya ce ai wannan ba na sayarwa ba ne. Kuma shi kaɗai ya san inda komai yake. Ido a rufe zai zura hannu cikin tarkacen ya zaro abin da kake nema, shi ya sa ko Kellu ba ta isa ta gusar da cokali ba.

Abdulrahim ya yi mata bayani yana in-ina. Gyaran waya yake yi a Dogo Nini, amma shekara uku ke nan yana haɗa wasan waya, gem, na wani matafiyi da ke ratsa dajin tsafi. Komai ya kammala sai mutum ɗaya, ɗan kasuwar da matafiyin zai riƙa tararwa a hanya.

"Na zana guda goma sha, duk ba rai a jikinsu. Sai da na ga Baba."

Daga ƙarƙashin hular aka ce, "To zana, amma ka rage min tumbi." Sannan Baba Zarami ya saki dariyar nan tasa da ake ji har layin masu hatsi. Abdulrahim ya roƙi izinin ɗaukar sautinta, Baba ya ce ɗauka mana, ai ba ƙarewa za ta yi ba.

Daga ranar Abdulrahim ya zama ɗan rumfa. Kellu na tashi daga makarantar firamaren da take koyarwa za ta kawo abinci, ta same shi yana shan shayi. Wata biyar aka yi a haka. Ita ta sa masa suna Mai Zane, shi yana ce mata Malamata.

"Malamata, yau na zana bishiya sau shida, duk ta fito da irin tsayuwarki in kina faɗa. Ki taimaka ki fita daga kaina na minti goma."

Ta mayar masa: "Mai Zane, ban shiga da izininka ba, ba kuma zan fita da shi ba. Ka ci abinci?"

Har manyansa sun je gaisuwa gidan su Kellu a Dogo Tebo, an karɓe su da fara'a. Saura a sa rana abin ya faru.

Ɗan guntun bidiyo ne, bai kai minti ɗaya ba. Abdulrahim ya tura wa abokansa huɗu don su ga aikinsa. A ciki ga Baba Zarami da hularsa da tabarau ɗinsa, zaune a gindin kuka, aljanu masu kofato da jajayen idanu sun yi layi suna saye a wurinsa, yana miƙa musu kaya yana wannan dariyar tasa ta gaske. Ɗaya daga cikin huɗun ya ɗora a status. Kafin la'asar ya zaga garin.

Ranar farko dariya aka yi. Rana ta uku aka fara magana ƙasa-ƙasa. Dama wa ya san inda yake samo kayan nan? Mutum ba ya faɗin farashi, rabin kayansa kyauta yake bayarwa, amma gidansa ba a taɓa kwana da yunwa ba, to su wa ke biyansa? Mutanen da suka shekara talatin suna shan shayinsa su ne suka fara tuno abubuwan da ba a taɓa yi ba. Wata mata ta dawo da madubin da ya ba ta, ta ajiye daga nesa, ta ce tun da ya shiga ɗakinta ɗanta ke firgita. A masallacin kasuwa, wanda ke gefensa a sahu ya ja baya ya bar gurbi.

Wannan gurbin ne ya karya shi. Ya dawo gida da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya bar rumfar a buɗe, ya shige ɗaki ya kwanta ya juya fuska bango.

Kellu ta bi shi da abinci. "Baba, ka ɗan taɓa."

"Ajiye, Uwata." Haka yake kiranta, sunan mahaifiyarsa ta ci. Bai juyo ba.

Yayanta Kaumi ne ya tare Abdulrahim a ƙofar gida washegari da yamma. Kellu na bayan ƙyaure tana jin komai.

"Mun ba ka wurin zama, ka mai da ubanmu bokan aljanu. In na sake ganin ƙafarka a layin nan, wallahi sai an raba mu."

"Yaya Kaumi, tatsuniya ce, ban yi da nufin..."

"Je ka gaya wa kasuwa tatsuniya ce."

Saƙonsa ya shigo kafin magariba. "Malamata, na goge gem ɗin gaba ɗaya, har wanda na adana a wani wuri. Babu sauran komai. Na san bai gyara komai ba."

Ta daɗe tana kallon rubutun. Ta san abin da shekara ukun nan suka ci masa, ta kuma san gaskiya ya faɗa, bidiyon yana cikin wayar kowa. Ta rubuta: "Babana bai ci abinci ba yau kwana biyu. Ina son ka, kuma ba na iya kallon sunanka a wayata. Kar ka sake rubuto min."

Ta tura, ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Sati shida gidan ya zama kamar gidan makoki. Baba Zarami ya rame, rigunansa suka yi masa yawa. Ba ya faɗa, ba ya zagin kowa, sallarsa ma a ɗaki yake yi. Da a ce faɗa yake yi, da Kellu ta samu sauƙi. A makaranta iyaye biyu suka nemi a canja wa 'ya'yansu aji. Ta daina kallon mutane a ido, in ta hau Napep sai ta ja mayafi har goshi.

A cikin haka Babagana, abokin Kaumi mai tireloli biyu, ya fara sintiri. Mutum ne mai kirki iya gwargwado, sai dai kirkin nasa yana son a gani. Ya ce mata shi surutun gari bai dame shi ba, zai aure ta a haka, zai ma buɗe wa Baba shagon kayan masarufi mai tayil, a manta da wancan tarkacen.

"A haka?" ta ce. "Na gode, Alhaji. Babana ba shi da abin da za a yafe masa."

Mahaifiyarta, Ya Falmata, ta ce mata daga baya, "Ba zan matsa miki ba. Amma wancan ɗin ki cire shi a ranki, Kellu. Ko mu mun yafe, da wane ido zai shigo gidan nan?"

Kellu ta tashi ta koma ɗaki. Ta riga ta saddaƙar ta rasa su duka biyun, uban da ta sani da mutumin da take so.

Wata Laraba ta kasa daurewa, ta biya ta kasuwa don ta ga ko ɓarayi sun bar wani abu a rumfar. Daga nesa ta tsaya cak.

Abdulrahim ne a ciki, ya yi baƙi ya zabge. Mai shayin gefe ya ce mata tun washegarin da Baba ya tafi yake zuwa, ya rufe shagonsa na waya, shi ke buɗe rumfar da safe ya rufe da yamma. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tare shi ya ce shi ya ƙirƙiri aljanun nan da hannunsa, Baba bai san komai ba. Wasu su tofar da yawu, wasu su ce ai shi ma an kama shi ne. Ko allura bai sayar ba.

Amma ba wannan ne ya tsayar da ita ba. Rumfar ce. Ya kafa katakai, ya jera komai reras: kwaɗuna gefe guda, mabuɗai a ƙusa daga ƙarami zuwa babba, kowane abu da 'yar takarda mai lamba. Kujerar tirelar ma ya wanke ta, ya jingine a bango, shi yana zaune a ƙasa.

Ya gan ta, ya miƙe, bai matso ba. Ita ma ba ta matsa ba. Ta juya da sauri don kar ya ga hawayenta.

A gida ta durƙusa bakin ƙofar ɗakin. Ba roƙo ta zo yi ba, ta gaji ne kawai da riƙe magana ita kaɗai. Ta ba bayan babanta labarin duka, har ta zo kan katakai da lambobi.

Baba Zarami ya juyo. Karo na farko cikin sati shida.

"Ya yi me?"

"Ya jera su, Baba. Mabuɗai daban, kwaɗuna daban."

"Ƙwan jiminar fa?"

"Yana sama, lamba ɗaya."

Ya tashi zaune yana lalubar hularsa. "Shekara talatin ina ajiye kowane abu inda zai ji daɗi. Miƙo min takalmina."

Ta bi shi a baya har kasuwa, mutane na darewa suna kallo. Yana isa bai amsa gaisuwar Abdulrahim ba. Ya kama katakon farko ya zazzage, ya kama na biyu. Ya yi ta cakuɗa kayan da hannu biyu yana haki, yana tura wannan ƙarƙashin wancan, har gumi ya jiƙa masa riga. Sai da rumfar ta koma juji sannan ya jawo kujerarsa ya zauna.

Abdulrahim ya zube a gabansa. "Baba, na cuce ka. Ba ni da bakin ba da haƙuri."

"Sau biyu ka cuce ni. Na biyun ya fi ciwo." Ya kalli layin kasuwar, inda tsofaffin abokansa suka sunkuyar da kai kamar masu neman wani abu a ƙasa. "Amma sati shida, duk garin nan kai kaɗai ka zauna min a rumfa. Uwata, har yanzu kina son wannan mai jere-jeren?"

Kellu ta rufe fuska da mayafi ta gyaɗa kai.

"To ka turo manyanka. Kaumi ni zan yi masa magana."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura auren a ƙofar gidansu a Dogo Tebo. Tabarmin da aka shimfiɗa rabi ba a zauna a kansu ba, abinci ya yi saura har aka rasa wanda za a ba. Kasuwar ma ba ta dawo wa Baba Zarami duka ba, kuma Abdulrahim bai sake zana komai ba.

Da yamma, kafin a tafi da amarya, Baba Zarami ya kira su biyun ɗakinsa. Ya ce, "Kowa a garin nan ya ga mutumin nan, ni kaɗai ban gan shi ba. Akwai mai shi?"

Kellu ta ciro wayarta, ta kunna masa bidiyon. Ya matso da ita kusa da idonsa mai kyau. Ɗan kasuwar ya miƙa wa aljani ƙararrawa, ya kwantar da kai baya, ya saki dariya ta cika ɗakin. Baba Zarami bai yi dariya ba. Ya sa aka maimaita masa sau biyu, sannan ya miƙa mata wayar.

"Mutumin nan ba shi da damuwar komai," ya ce a hankali. "Na san shi da."

Ya kamo hannun Kellu ya sa cikin na Abdulrahim, ya riƙe su tare da nasa hannuwan da suka rame.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku irin kwanciyar hankalinsa, ya kuma tsare muku ita fiye da yadda na iya tsare tawa."

Suka ce amin, dukansu biyu suna kuka.