Rigar Wanda Aka Fara Fitarwa

Sakata ake ce masa. Shekara goma sha huɗu yana tsaron baya a wasan ƙwallon ƙafa. Ya bar haƙori biyu a fili, ya fito da gwiwar da ba ta lanƙwashuwa. Waɗanda yake tarewa da ƙafa ɗaya sun gina benaye. Shi kuwa aka ba shi kocin wata ƙaramar ƙungiya da ɗaki biyu a bayan filin atisaye, ga mata ga 'ya'ya biyu. Abin ya tsaya masa a wuya.

Direban motar 'yan wasa ne ya kwatanta masa wurin boka. Bayan mayanka, wani ɗaki marar taga. Da rana tsaka ya je. Igiyoyi ne ɗaure daga bango zuwa bango, an rataye riguna: ta lebura, ta makaniki, ta ɗan dako. Duk a jiƙe, suna ɗiga cikin wata baƙar randa. Warin gumi ya cika ɗakin. Bokan na tsugune yana matse wata riga, bai ɗago ba.

"Mai gwiwa, me ke tafe da kai?"

"Nasara. Da abin da nasara ke kawowa. Amma ba na ba da jini."

"Wa ya tambaye ka jini? Gumi muke sha. Kowane wasa, wanda ka fara fitarwa daga fili, ka kawo mana rigarsa kafin ta bushe."

"In ban yi canji ba fa?"

"Sai mu zo gida mu zaɓa da kanmu."

Sakata ya ga riga ce kawai. Boka ya sa ya yi ta gudu a tsaye har ya jiƙe, ya kankare masa gumin goshi da bayan wuƙa, ya ɗiga sau uku a randa. Ruwan ya motsa kamar ana haɗiya. Aka ɗaura sabuwar igiya, aka ce tasa ce.

Suka fara ci. Suka haura rukuni, suka ɗauki kofi. Babbar ƙungiya ta ɗauke shi. Ya yi gida mai get, ya yi mota, masu gaishe shi da ka suka koma rusunawa.

Na farkon da ya kai rigarsa ɗan wasan gefe ne, mai gudu kamar barewa. Ya fara shan ruwa ba ya ƙoshi. Ba gumi, ba yawu. Fatarsa ta tsattsage. Wata biyu aka binne shi, likita ya ce ƙoda ce. Na biyu haka. A na huɗu Sakata ya gane, ya koma.

"Na zo a warware."

Boka ya nuna igiyar da haɓa. "Da sauran wuri."

Sai ya ƙi yin canji. Wasa guda yara suna jan ƙafa, 'yan kallo suna zaginsa, ya harɗe hannu. A makon nan rigar makarantar 'yarsa ta ɓace daga kan igiyar shanya. Yarinyar ta bushe a gaban uwarta, kofi na hannunta. Uwar ta tattara tufafin gidan kaf ta kulle a akwati, ta hau kai ta zauna. Ba ta ƙara sauka da hankalinta ba.

Ajiye aikin ma bai yiwu ba, don in ba riga, gida za a zo. Sai ya samo dabara, kuma dabarar ta fi laifin farko muni. Ya riƙa ɗauko 'yan wasa daga nesa, marasa kowa. Ya sa mutum a fili, minti goma ya fitar da shi. 'Yan jarida suka ce sabon salo ne. A ɗakin canza kaya ana tsokanar duk baƙon da ya zo: "Ɗan minti goma, kada ka wahalar da kanka da ɗaure takalmi."

Ɗa guda ya rage masa, Auta. Ya taso da ƙafar ubansa, yana tsaron baya da lamba biyar. Sakata ya hana, mai ƙungiya ya ce sai an sa shi.

"Baba, kai ka koya mini, yanzu kuma kana jin kunyata?"

"Ka buga. Amma ko ƙafarka ta karye, kada ka ɗaga hannu a canza ka kafin minti goma."

Auta ya yi dariya. "To, koci."

Ranar wasan ƙarshe wani baƙo yana cikin fili yana jiran lokacinsa. Minti na huɗu aka ɗago ƙwallo, Auta ya tashi, suka yi karo da ka da ɗan ɗaya ƙungiyar. Ya faɗi bai motsa ba. Sakata ya manta da komai, ya ja gwiwarsa ya shiga fili. Yaron na numfashi. Sakata ya juyo zai ce a fara fitar da baƙon, sai ya ga allon canji a sama, lamba biyar da ja. Dogo, mataimakinsa, abokinsa tun suna wasa, shi ya miƙa takardar canji.

"Wa ya sa ka?"

"Haba, Sakata. Ɗanka ne fa. Dubi jinin."

Sun ci kofin. Ana ta murna, shi yana ɗakin canza kaya da rigar Auta a hannu, da ɗuminta. In ya kai, Auta ne. In bai kai ba, a zo gida, kuma gidan saura mutum uku. Ya sa rigar a jikinsa. Ya yi ta zagaya filin da gurguwar ƙafa bayan kowa ya watse, har ta jiƙe sharkaf. Ya kai ta.

Boka ya shinshina. "Gumi biyu."

"Nawa ne a sama. Ku ɗauki nawa."

"Mun karɓa." Ya rataye ta. "Duka."

Auta bai kai wata ba. A maƙabarta Sakata ya tsaya ido a bushe, mutane suka ce zuciyarsa dutse ce. Hawayen ne babu. Ƙungiya ta kore shi, gida ya tafi a magani, dangin matar suka ɗauke ta da akwatinta. Shi ba a yi masa sauri ba. Yana nan a ɗakin mai gadin filin, kwance kusa da famfo, yana sha, yana sha.

Kai mai ganin rabonka ya yi kaɗan, ka ji. Masu wannan ɗaki ba su taɓa ƙoshi ba, kuma ba su san ɗan kowa ba. Ka ci guminka. Ka bar na 'ya'yan mutane a jikinsu.