Furen da Solongo Ta Saya

A bakin ƙofa Solongo ta cire takalmanta, ta bi saurayinta Naoki zuwa ɗakin da ke bayan shagon awararsu. Mahaifiyarsa Setsuko na durƙushe a kan tabarma tana zuba shayi. Wata tara ke nan da zuwan Solongo Osaka daga Mongoliya don koyon Japananci, kuma a wannan shagon ta haɗu da Naoki, ranar da ta zo sayen awara ta kasa faɗin irin wadda take so.

Ta durƙusa, ta fito da tsarabarta daga jaka, ta miƙa da hannu biyu. Fararen furanni ne ɗaure da roba.

Naoki ya dafe goshi.

"A ina kika samo wannan?" in ji Setsuko.

"A kanti... kusa da turare. Yana kyau sosai."

"Naoki, tambaye ta, mutuwa na yi?"

"Haba Mama! Ba ta sani ba ne..."

"Furen da ake ajiye wa mamata! Shi aka kawo min gaisuwar farko!"

Solongo ta gane kowace kalma, amma da ta buɗe baki don ba da haƙuri, duk kalmomin ladabin da ta haddace suka gudu. Abin da ya fito shi ne irin "yi haƙuri" da samari ke jefa wa junansu, wanda a bakin Naoki ta koya. Setsuko ta tashi ta shige ciki.

A hanyar tashar jirgi Solongo ta yi ta kuka.

"Laifina ne, da na duba jakar," in ji Naoki. "Mu je ofis mu yi rajistar aurenmu kawai. Doka ba ta ce sai da yardarta ba."

"A'a! Kai kaɗai gare ta. Ba zan shiga gida ta taga ba."

Daga ranar Setsuko ta kafe. Kullum maganarta ɗaya: masu sayen awararsu tsofaffin unguwa ne, kuma matar da ba ta iya gaishe su ba, kashe shagon za ta yi. Naoki ya roƙa, ya yi fushi, ya daina cin abincin gidan na sati guda, a banza.

Ita kuwa Solongo rayuwa ta yi mata ƙunci. Da safe makaranta, da rana aikin jera abinci a kwali. Shiga kanti ya koma mata abin tsoro. Sai ta tsaya gaban kaya tana haska rubutun da waya don ta fassara mata, tana zufa, ba ta yarda da idonta ba. Ta taɓa sayo garin wanki a zaton gishiri ne. In mai karɓar kuɗi ta tambaye ta wani abu da sauri, sai ta ce "to" kawai, ta fito da ledar da ba ta nema ba.

Duk da haka, kowace Asabar takan je ta sayi awara guda ɗaya, ta gaida Setsuko. Tsohuwar ba ta kallonta.

"Ba haka ake faɗa ba."

"Yaya ake faɗa, don Allah?"

"Ba makaranta kike zuwa ba? Na gaba a layi!"

Haka aka yi shekara guda. A watan Disamba ta zauna jarrabawar da za ta ba ta damar shiga kwaleji ta ci gaba da zama a ƙasar. Sakamako ya fito: ta faɗi. Bizarta kuma ƙarshen Maris za ta ƙare.

"Solongo, don Allah, sa hannu kawai za mu yi!" in ji Naoki, idanunsa jajur.

Ta girgiza kai.

Asabar ta ƙarshe ta je shagon da hantsi, babu kowa sai Setsuko. Ta sunkuya sosai, ta yi magana a hankali, kalma bayan kalma:

"Na zo sallama ne. Na daɗe ina damun ki. Na gode da duk gyaran da kika yi min. Awararki ce abinci mafi daɗi da na ci a ƙasar nan. Don Allah ki kula da lafiyarki."

Babu kuskure ko ɗaya. Setsuko ta daɗe tana kallon ruwan da awara ke ciki. Sai ta yi magana da wani irin Japananci mai nauyi, wanda Solongo ba ta tsinci komai a ciki ba.

"Ba ki gane ba ko?" in ji Setsuko. "Harshen ƙauyenmu ne, can arewa. Da shi na zo gidan nan ina 'yar shekara ashirin. Surukata ta hana ni buɗe baki a gaban masu saye, shekara uku! In na yi magana, layin nan duka dariya. A banɗaki nake kukana. Ranar da na gan ki, kaina na gani, kuma na tsani abin da na gani."

Ta share ido da gefen riga.

"Ni wata biyu na yi na gudu gida, sai da aka dawo da ni. Ke shekara guda ina korar ki kina dawowa. Zagayo ta nan. Wanke hannunki."

"Na'am?"

"Ki zagayo, na ce! Ga tsohuwa Hayashi can tafe, kurma ce, ki ɗaga murya!"

An yi rajistar auren kafin Maris ya ƙare, kuma Setsuko da kanta ta buga hatiminta a gurbin shaida.

Sau da yawa mai tsananta maka wani tsohon ciwo yake ɓoyewa. Da Solongo ta rama, ko ta bi gajeriyar hanya, da ta samu miji ta rasa uwa. Haƙurinta ne ya ba ta duka biyun.