Sifikun Motar Likita

Tun kafin Sufeto ya zauna, Likita ta dire makullin motarta a kan teburinsa.

"Ya cuce ni. Sifiku masu tsada na kai masa ya saka min, ya musanya su da jabu. Kiɗa yanzu sai ka ce a cikin gwangwani."

Wanda take ƙara shi ne Mai Kunne, mai haɗa kayan sauti a layin makanikai. Da safen nan Kofur ya taso ƙeyarsa da ankwa a gaban maƙwabtansa. Sufeto bai ji daɗin wannan gaggawar ba. Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa.

"Wa ke tuƙa motar bayan ke?"

"Ƙanena, Auta. Ga shi nan. Shi ko fitila bai iya canzawa ba."

Auta ya gyaɗa kai da sauri. "Wallahi ban taɓa buɗe komai ba, Yallaɓai."

Aka fito da Mai Kunne daga bayan kanta. Bai yi rantsuwa ba, abu ɗaya ya roƙa.

"Yallaɓai, a bar ni in saurari motar."

A harabar ofishin ya zauna a kujerar direba, ya kunna waƙa, ya rufe ido. Ya mayar da sautin dama, ya mayar hagu, ya dawo da shi tsakiya.

"Kun ji? A gefe ɗaya gangar tana fita, a tsakiya ta ɓace. An juya wayoyin ƙofa ɗaya. Wannan sifika tana turawa, waccan tana ja, suna cinye juna."

Ya kwance murfin ƙofar. An murɗa wayoyin da hannu, an naɗe da baƙin salatif.

"Shekara goma sha takwas ina aikin nan, da darma nake liƙe waya. Ku duba kowace mota a shagona."

"Ka iya yin haka da gangan," in ji Sufeto, yana zagaya motar. Sai ya tsaya cak, ya duba agogon hannunsa, ya duba na rediyon. Nasa sha ɗaya, na motar bakwai.

"Me ya sami agogon nan?"

"Duk wanda zai taɓa waya sai ya cire kan batir," in ji Mai Kunne. "Da an mayar, agogon ya koma sha biyu, ya fara daga nan."

"Awa huɗu yake baya," in ji Sufeto. "Ke nan ƙarfe huɗu aka mayar da batirin. Likita, yaushe kiɗan ya rikice?"

"Ranar Asabar da na fita da safe lafiyarsa lau. Da yamma..." Muryarta ta yi ƙasa. "Auta ya kai ta wanki."

"Wane gidan wanki?"

Auta ya faɗi ɗaya. Sufeto ya ɗaga waya zai kira, sai Auta ya ce a'a, ba can ba ne. Zufa ta keto masa.

"Ina sifikun?"

"Suna motar abokina," in ji shi, kansa a ƙasa. "Yaya, na ɗauka ba za ki gane ba. Ke da labarai kawai kike saurara."

Kofur ya sa masa ankwa, ya wuce da shi ciki. Likita ta bi su da ido, kunya ta rufe ta, ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta juya wajen Mai Kunne.

"Malam, ka yafe ni. Ka gyara min, ko me za ka ce zan yi."

Mai Kunne yana murza wuyan hannunsa.

"Gyaran ba zai ci awa guda ba. Amma ba a nan zan yi shi ba. Ki tuƙo ta da kanki zuwa shagona, ki tsaya a tsakiyar layin, ki faɗa wa maƙwabtana wanda ya yi."

Likita ta dubi Sufeto. Shi kuwa makullin kawai ya miƙa mata.