Silin Ɗaki Na Sha Huɗu

Ranar Asabar da ƙarfe takwas saura na safe aka bugo waya caji ofis na San Cirilo. Mai sharar makarantar firamare ta Loma Prieta ne, Don Eleuterio. Ya ce ya zo ban ruwan furanni ya tarar da gawa a ɗaki na sha huɗu.

Sufeto Ovidio Cintrón ya ajiye gahawarsa bai shanye ba. Ya san ɗakin. A nan ya yi aji uku, a bencin gaba, a hannun malamarsa Misi Amparo Marrero, wadda aka binne bara bayan ciwon daji ya cinye mata huhu. Ba ta taɓa kai taba bakinta ba. Duk garin sun ce silin ɗakin ne ya kashe ta, takardun makaranta kuma suka ce silin lafiyarsa ƙalau. A nan kuwa idan takarda ta sha hatimi, to ta fi gawa iya ba da shaida. Aka kulle ɗakin, aka mai da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru, kowa ya kama gabansa.

Mamacin na kwance rigingine kusa da wani tsanin ƙarfe da ya kife. Injiniya Heriberto Lugo ne, wanda ya shekara ashirin da biyu yana riƙe da kwangilar duba asbestos a makarantun yankin, wato sinadarin nan na cikin silin da shaƙar garinsa ke jawo ciwon dajin huhu. Ƙeyarsa ta bugu da gefen tebur. An ɗaga falle ɗaya na silin, farin gari ya zubo masa a gashi da kafaɗa. Likita ya ce tun jiya ya mutu, tsakanin ƙarfe uku da huɗu na yamma.

Sufeto ya tsuguna. Akwai takunkumi sabo fil a fuskar mamacin, irin mai tsadar nan mai matata biyu. Ga bironsa a buɗe a ƙasa. Ga allon da yake maƙala fom, amma babu takarda a jiki.

Shugabar makaranta, Misi Zoraida Quiñones, ta iso da abin naɗe gashi a kanta, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ƙi shigowa.

"Tsautsayi ne, Sufeto. Bawan Allah ya mutu a bakin aikinsa."

"Kin taɓa ganinsa a kan tsani?"

"Duk bayan wata shida. Ɗaki-ɗaki yake bi."

"Da wannan tumbin?"

"Ba a zagin mamaci."

"Ban zage shi ba, auna shi na yi. Me ya hana ki shigowa, Misi? Ba an ce ɗakin lafiya lau yake ba?"

Ta ja da baya taku ɗaya. "Ina da mura. Don Allah a gama da wuri, ran Litinin akwai yara. Ba na son surutu ya kai ofishin yanki."

"Fom ɗinsa fa? Allon babu komai."

"Ni ba na taɓa takardu. Wannan aikin sakatariya ne, Doña Provi."

Sufeto ya sami Don Eleuterio a gindin mangwaro yana tsoma burodi a gahawa.

"Tsanin wane ne, Don Tello?"

"Nasa ne. Da shi ya zo."

"Sai ya rubuta sunan makaranta a jiki da jan fenti, da irin rubutunka?"

Tsohon ya daɗe yana tauna. "Kai dai Ovidio tun kana ƙarami ba ka barin mutum ya huta. Nawa ne. Amma ba ni na ba shi ba. Jiya ƙarfe biyu na tafi asibiti ganin likitan ƙafa, je ka tambaya."

"Wa ke da makullin ɗakin kayanka bayan kai?"

"Akwai ɗaya a ofis."

"Yaya injiniya ke yin aikinsa?"

Don Eleuterio ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Daga mota. Zai tsaya a bakin get, ko inji ba ya kashewa, ya danna hon sau biyu. Doña Provi ta kai masa fom da gahawa. Ya ɗora a kan sitiyari, ya bi ya sa alamar lafiya daga sama har ƙasa, ya sa hannu, ya ce gahawar ta yi sukari. Makaranta goma sha ɗaya yake gamawa kafin cin abincin rana."

"Shugaba ta sani?"

"Ta tagarta ake hango get."

"To me ya kai shi ɗaki na sha huɗu?"

"Ni ma abin da nake tambayar kaina ke nan. Mutumin da bai san inda banɗakinmu yake ba."

Sufeto ya koma ɗakin shi kaɗai, ya ɗaure hankici a hanci. Ƙurar shekara guda ta kwanta a ƙasa, ta riƙe sawun ƙafafun tsanin huɗu inda aka kafa shi. Daga nan layi biyu sun miƙe kusan taku uku zuwa wajen ƙofa. Tsanin da ya kife da kansa ba ya jan layi. Janye shi aka yi.

Ya aika mota ta ɗauko sakatariyar makaranta. Doña Providencia Marrero ta iso sanye da baƙar riga, tana rungume da jaka. Shekararta sittin da takwas, talatin da huɗu daga ciki a bayan tebur ɗaya ta yi su. Yayar Misi Amparo ce. Ita ta yi jinyarta wata goma sha ɗaya, ita ta rufe mata ido.

Ta buɗe ofis, ta zauna a kujerarta, ta dube shi ta saman tabarau.

"Ovidito. Ka yi ƙiba. Uwarka ta san kana aiki ran Asabar?"

"Sufeto nake yau, Doña Provi."

"Ni na cika maka takardar shiga makarantar nan, kana kuka da majina har baki. Zauna."

Ya zauna. "Jiya ƙarfe nawa kika tashi?"

"Uku daidai, kamar kullum."

"Kin ga injiniya?"

"Ban gan shi ba. Ban ji hon ba."

"Ba jiya ce ranar zuwansa ba?"

"Ita ce. Na ɗauka ya yi latti. Ba a kansa latti ya fara ba."

"Makullin ɗakin kayan Don Tello fa?"

Ta nuna ƙusa a bango. "Ga shi can, kowa na iya ɗauka."

Gaskiya ne, kowa na iyawa. Sufeto ya dubi kantar da ke bayanta. Fayiloli a jere kamar sojoji, kowanne da lamba da shekara.

"Ina son ganin kundin asbestos."

A karon farko fuskarta ta motsa. "Doka ta ce a ajiye shi a ofis, duk wanda ya nema a ba shi, iyaye ne ko malamai. Ka san mutum nawa suka nema tun da na fara aiki?"

"Nawa?"

"Kai ne na farko."

Ta sauke wani ƙaton shuɗin kundi mai zobba uku ta dire a gabansa.

Sufeto ya shiga buɗawa. Taswirar gini, sakamakon gwaji na farko da ya nuna akwai asbestos a silin ɓangaren yamma, sai fom-fom na duk wata shida. Kowanne an huda shi daidai, an buga masa hatimin karɓa da kwanan wata. Kowanne kuma magana ɗaya yake yi: lafiya, lafiya, lafiya. Har na shekarar da guguwa ta yaye rabin rufin, ruwa ya yi wata biyu yana zuba kan yara, silin lafiya yake. Fom arba'in da uku, da kyau kamar an goge su da dutsen guga.

Na arba'in da huɗu ya bambanta. Ya yamutse, an miƙar da shi da hannu. A layin ɗaki na sha huɗu an soke alamar lafiya, an rubuta da hannu mai rawa: ya lalace, yana zubar da gari, tun shekaru. Sa hannun injiniya na ƙasa. Sufeto ya shafa takardar, yatsansa ya fito fari.

Ya juya kundin ya fuskance ta. "Wannan na jiya ne."

Ta dubi fom ɗin ta saman tabarau.

"An huda shi, an sa shi a gurbinsa, an buga hatimi. Ina hatimin yake kwana, Doña Provi?"

Ta kai hannu wuyanta, inda wani ɗan makulli ke rataye a sarƙa ɗaya da gicciye. "A aljihun teburina."

"Wa ke buɗewa?"

"Tun da aka sassaƙa shi babu hannun da ya taɓa shi sai nawa."

"Kin ce ba ki gan shi ba."

Ta cire tabarau ta goge da gefen riga. Misi Quiñones ta zo ta tsaya a ƙofa. Doña Provi ba ta ko dube ta ba.

"Sai da na isa gida na ɗora shinkafa a wuta na tuna. Na ce Providencia, kin kashe mutum kin dawo kin yi masa fayil. Hannuna ne ya yi, ɗana. Shekara talatin da huɗu takarda ba ta taɓa kwana a ƙasa a makarantar nan ba."

"Kina da makullin ofis. Da kin dawo kin cire."

"Ba a cire takarda daga kundi. Balle ita kaɗai ce mai gaskiya a ciki."

Sufeto ya fito da littafinsa. "Ya aka yi ya fito daga mota?"

"Na ce masa an turo sabon umarni, dole a haɗa fom da hotonsa a kan tsani a ɗaki ɗaya aƙalla. Ya yarda. Mutumin da bai taɓa karanta takardar umarni ba, ta ina zai san ƙarya nake? Ya yi ta mita, wai gwiwarsa. Na kai shi ɗakin Amparo. Na rantse maka, nufina kawai ya ɗaga silin ya gani da idonsa."

"Sai me ya faru?"

"Muna zuwa bakin ƙofa ya ce in jira. Ya koma mota ya ɗauko takunkumin nan ya ɗaura a fuska." Ta mai da tabaraunta. "Tun ranar da muka binne ta nake ce wa kaina malalaci ne, bai sani ba. Limamin cocinmu ma haka ya ce mini, wai in yafe, jahilci ne. Ashe ya sani, Ovidito. Minti biyar zai yi a ɗakin da ƙanwata ta shekara goma sha tara tana koyar da yara, bai yarda ya shaƙi numfashi ɗaya ba."

Sufeto ya juya shafin littafinsa, ta ci gaba.

"Ya hau, ya ɗaga fallen, garin ya zubo masa. Na riƙe tsanin na girgiza. Na ce rubuta abin da ka gani. Ya ce Doña, ki yi hankali, ina da jikoki. Na ce rubuta. Ya rubuta, ya sa hannu, ya sako mini takardar ƙasa. Ya ce to yanzu riƙe da kyau in sauka."

"Sai kika janye."

"Da hannu biyu. Amparo wata goma sha ɗaya ta yi tana neman iska, tana kama mini riga. Shi ko minti ɗaya bai yi ba. Abin da ke damuna ke nan, in har kana son ka rubuta cewa wani abu na damuna."

Misi Quiñones ta dafe ƙirji. "Provi, kin haukace. Sufeto, wannan fom ɗin tilasta masa aka yi, ba shi da amfani. A bar kundin a nan, kayan makaranta ne, ni zan kai shi ofishin yanki da kaina."

"Kundin ya zama shaidar kisa, Misi," in ji Sufeto. "Alƙali zai karanta shi daga bango zuwa bango. Za a kuma tambayi wadda tagarta ke kallon get."

Ya miƙe. "Doña Providencia Marrero, na kama ki da laifin kashe Heriberto Lugo."

Ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, ya fasa. Ita kuwa ta jawo wata takarda daga aljihun tebur ta tura masa da biro.

"Sa hannu ka karɓi kundi. Suna, muƙami, kwanan wata. Ba wannan rubutun kajin naka ba."

Ya sa hannu. Ta buga hatimi, ta huda, ta saka a fayil, sannan ta ɗauki jakarta.

A bakin ƙofa ta tsaya gaban shugabar makaranta.

"Zoraida, doka ta ce idan an sami lalacewa a sanar da iyaye a rubuce. Na san aiki ya yi miki yawa, sai na taimaka miki. Jiya kafin a rufe gidan waya na aika wa kowane gida kwafin fom ɗin. Ran Litinin ki zo da wuri, ki kuma cire abin nan daga kanki."

Misi Quiñones ta nemi kujera ta zauna.

Suka bi ta barandar yamma. Don Eleuterio ya cire hularsa da suka wuce. Daidai ɗaki na sha huɗu Doña Provi ta rage tafiya, ta dubi Sufeto daga sama har ƙasa.

"A bencin gaba kake zama, ƙarƙashin inda yake yoyo. Na tuna, don uwarka ta zo ta yi faɗa littafinka ya jiƙe. In ka gama kulle ni, ka je asibiti a ɗauki hoton ƙirjinka."

Sufeto ya sauya wa kundin hannu, ya buɗe mata ƙofar mota, ya jira har ta gyara zama.