Hutun Kabad

"Ni a gidan nan ido kawai nake ɗagawa, kowa ya shiga taitayinsa. Hannuna bai taɓa sauka a jikin mace ba."

Mofiz ke nan, zaune a baranda yana taunar ganyen pan, goron mutanenmu, baki jajir. Duk unguwarmu ta bakin kogi a Khulna an san shi: aiki babu, cika baki kamar shi ya haƙa kogin.

Ƙaninsa Rokon masunci ne, yakan yi makonni a teku. Matar Rokon, Shefali, tana aiki a kamfanin ɓare jatan lande. Auren soyayya suka yi, kuma Rokon da bakinsa ya yarje mata aikin. Wannan ne ya tsaya wa Mofiz a rai, wai matar gidansu tana dawowa da ƙarnin kifi tana zubar masa da girma. Ranar da ya ce ta bar aikin, ta ce sai mijinta ya dawo za a yi wannan magana, sai ya kai mata hannu har idonta ya rufe.

A wurinmu matar ƙani ba ta kama sunan yayan mijinta. Don haka da shugabar layinsu a kamfanin, Anti Parul, ta tambaye ta, sai ta ce ƙofar kabad ce ta buge ta. Parul ta ji wannan amsa a bakin mata da yawa. Shi ya sa hutun da kamfanin ke ba wadda aka daka a gida, albashinta na tafiya, ma'aikata suke ce masa hutun kabad. Ta karɓar wa Shefali, ta kai ta asibiti, ta ajiye ta a ɗakinta.

Da Rokon ya dawo bai tarar da matarsa ba. Uwarsa, wadda ba ta son laifin ɗan farinta, ta ce aiki ya lalata yarinyar, ga shi ta fara kwana a waje, ko ta ajiye aikin ko ya sallame ta. Rokon bai ci abinci ba ranar. Ya je gidan Parul, Shefali ta fito da gefen zaninta na sari a fuska, hawaye na zuba, amma kalma ɗaya ta iya maimaita masa: kabad.

Parul ta ce za su rako ta ranar Juma'a. Matan kamfanin suka zo su da yawa, maƙwabta ma suka cika tsakar gida, aka zuba shinkafa da kifi. Mofiz ya ga taro, bakinsa ya fara ƙaiƙayi. Ya ji ana raɗe-raɗin hutun da ake biya, bai san kansa ba bai san gindinsa ba.

"Kun ga hutun nan da ta samu?" ya ce yana cire ƙaya. "Manajansu abokina ne. Albarkacina aka ba ta. Ba don ni ba, ina za ta ga hutun kabad?"

Matan suka daina tauna. Wata ta ƙware.

"Gaskiya ka faɗa, Yaya," in ji Parul. "Ba don kai ba da ba ta samu ba. Sake faɗa, na baya ba su ji ba."

Ya sake faɗa, har da dukan ƙirji. Sai Parul ta bayyana wa taron, a nutse, wacce irin mace ake ba wannan hutu, da dalilin sunan.

Rokon ya waiwaya ya dubi ɗakinsu: kaya a kan igiya, akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado.

"Umma," ya ce, "gidan nan ai ba mu da kabad."

Uwar ta sunkuyar da kai. Rokon ya tashi ya koma kusa da matarsa, ya ce aikinta na nan, kuma yau za su kwashe kayansu su kama haya kusa da kamfanin. Shefali ta yi haƙuri, haƙurin ya biya ta, amma sai da ta samu inda za ta fake da masu tsaya mata. Haƙuri ba zama a ci duka ba ne.

Mofiz ya buɗe baki zai gyara zance, sai tsohuwar maƙwabciyarsu ta ɗaga murya: "A ƙara wa Kabad miya, shinkafa ta tsaya masa a wuya."

Har yau ko mai shayin bakin kogi da sunan yake kiransa.