Hoton Ƙwaƙwalwar Dogo

Ranar da Dogo ya zo gaida mahaifin Auta, a gaban kowa ya manta abin da ya kawo shi.

Ya zauna a falo, hula a karkace, ido kamar na wanda aka tasa daga barci. Baba, tsohon tela ne da ba ya ɗaukar raini, ya yi masa sannu, ya sake yi. Dogo ya buɗe baki, maganar ta fito a sarƙe. Ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, hannun ya kama kaɗawa kamar fiffiken kaza, ruwan ya kife a kan kafet.

Auta tana bayan labule, ta dafe ƙirji.

"Ka sha wani abu ne?" in ji Baba.

Dogo ya yi murmushi. Murmushin nan ne ya ƙarasa ɓata komai.

"Tashi ka fita mini daga gida! Mashayi!"

A gefe ɗan gwaggon Auta, mai shagon sayar da waya, ya ɗaga tasa yana ɗaukar bidiyo. Ya daɗe yana son Auta, ita kuwa ko kallo bai ishe ta ba. Kafin yamma duk tashar mota ta kalli Dogo yana tangaɗi a ƙofar gidan surukai.

Dogo fa! Mutumin da ya yi shekaru yana jan doguwar motar fasinja, ko madubi bai taɓa fasawa ba.

"Ki cire shi daga ranki," Mama ta ce.

"Mama, wallahi ba ya sha."

"To hannun nasa rawar murna yake yi?"

"Ban sani ba... amma zan sani!"

Auta ba mai kukan zaune ba ce. Washegari ta same shi a bayan tasha, ya wartsake, yana goge gilashin motarsa kamar ba abin da ya faru.

"Tauraruwata! Yaushe zan zo wurin Baba?"

Ta tsaya tana kallonsa.

"Ka zo jiya, Dogo."

Tsumman ya faɗi daga hannunsa.

Ta miƙa masa waya. Ya kalla har ƙarshe. Ƙaton namiji, sai ga shi ya zauna daɓas a kan taya.

"Na rantse miki, ban taɓa kai giya bakina ba..."

"Ni ba rantsuwa na zo karɓa ba. Tashi, asibiti za mu."

"Ni? Lafiyata ƙalau!"

"Idonka ya yi rawaya, ƙafarka ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ka tashi, ko in kira yaran tasha su ɗauke ka kamar buhu."

Ya tashi.

Aka ɗebi jini, aka duba ciki, aka ce su dawo. Da suka dawo, likitar, wata mace mai gilashi da ba ta da dogon zance, ta ba shi takarda cike da lambobi a warwatse. Ta ce ya haɗa su da biro, bi da bi.

Dogo ya yi dariya. "Likita, ni da na haddace hanyoyin ƙasar nan kaf?"

Ya fara. Can biron ya tsaya. Ya koma baya, ya tsallake wata, ya yi ta zagaye. Gumi ya karyo masa.

Auta ta kau da kai, kada ya ga ta gani.

Daga nan aka kai shi ɗakin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Aka sa ya cire agogo, zobe, bel, duk wani ƙarfe. Aka kwantar da shi a kan siririn gado, gadon ya shige da shi cikin wata farar na'ura mai baki kamar ganga. Ta kama bugu, gwaf-gwaf-gwaf! Auta tana leƙe ta gilashi, ba abin da take gani sai tafin ƙafafunsa.

Da ya fito ya ce, "Injin nan nasu yana son kanikanci."

"Kai ma haka," in ji ta.

Likitar ta ɗaga hoton a jikin fitila. Ta nuna wasu wurare biyu masu haske can tsakiya, ɗaya dama, ɗaya hagu.

"Jininka ya nuna ƙwayar cutar hanta. Da alama tun kana ƙarami take jikinka, ta ci hantar a hankali har ta taurare. Hanta ita ce matatar jiki. In ta gaza, dattin da ya kamata ta tace sai ya bi jini ya hau kai. Wannan hasken alamarsa ce. Shi ke kawo ruɗewa, da mantuwa, da rawar hannu."

"Ba giya ba ke nan?" in ji Auta.

"Ban ga alamarta a tare da shi ba."

Auta ta ɗaga kai sama. Ji take kamar ta fita titi da lasifika.

"Akwai magani," likitar ta ci gaba. "Akwai na ƙwayar cutar, akwai wani na ruwa mai zaƙi da zai riƙa tura ka banɗaki. Kada ka daina don wannan, aikinsa ke nan. Ke ma za mu gwada ki, mu yi miki rigakafi. Sai abu ɗaya... Me ka ce sana'arka?"

"Direba."

"Ka ajiye."

Dogo ya ɗago kai.

"Zuwa yaushe?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba. Abin nan yana zuwa ba sallama. Ko a ranar da kake jin garau, ƙafarka tana iya makara a kan birki. Ba zan ce ka ɗauki rayukan mutane ba."

A bakin ƙofar asibiti ya tare gabanta.

"Masoyiyata, ji mana. Ki kai wa Baba hoton nan, ki ce ciwo ne, ana magani. Shi ke nan! Zancen tuƙi mu bar shi tsakaninmu."

"Mu bar shi?"

"Zan sha maganin. Zan riƙa tafiya a hankali. Auta, in aka raba ni da sitiyari, ni wane ne? Wa zai ba mara aiki 'yarsa?"

"Matar da za ta hau motarka da goyo fa? Ita wa ya gaya mata?"

"Haba, Tauraruwata..."

"Kada ka ce mini Tauraruwa!" Ba ta sauke ido ba. "Na tsaya gaban uwata da ubana na ce ba ka sha, don na san gaskiya ce. Yanzu kana so in koma musu da rabin gaskiya? Ina son ka, Dogo, har ba na iya cin abinci. Amma ni ba zan zama matar wanda ya zubar da mutane a rami yana sane ba."

Ta danƙa masa hoton a ƙirji, ta tari mota, ta tafi.

Sai da ta zauna a ciki ta bar hawayen suka zubo.

Kwanaki suka wuce, bai kira ba. Ita ma ba ta kira ba. Ɗan Gwaggo kuwa ya mai da shagon Baba wurin hirarsa, kullum da sabon turare.

"Ƙanwata, har yanzu zaman makokin ɗan giya ake yi?"

"Yaya, turaren nan naka na sa mini ciwon kai. Matsa."

Ranar nan tana shagon tana taya Baba ɗinke maɓallai, sai inuwa ta rufe ƙofa.

Dogo ne. A ƙafa ya zo, ƙura har gwiwa.

"Na ce kada in sake ganin ka," in ji Baba, bai ko tsai da keken ɗinkin ba.

"Ka ce, Baba. Ka ba ni minti kaɗan, in na gama ka kore ni."

Ya manna hoton a gilashin taga, rana ta haska shi. Ya nuna wuraren nan biyu da yatsa. Ya faɗi zancen hanta, ya faɗi na magani, har na banɗaki bai rage ba. Keken Baba ya yi shiru.

"Akwai saura," in ji Dogo. "Likita ta hana ni tuƙi. Na roƙi Auta ta ɓoye maka, ta ƙi. Yau da safe na mayar wa mai mota motarsa."

Allurar ta soki Auta, ba ta ma ji ba.

Ɗan Gwaggo ya fashe da dariya. "To ai gara mashayi! Shi yana wartsakewa. Kawu, wannan fa ƙwaƙwalwar ce ta..."

"Kai!" Baba ya nuna shi da almakashi. "Yaro yana cikin ciwo a falona, kai kana ɗaukar sa a waya. Ni na yi kuskure da baki, kai ka yi da gangan. Fita!"

Ya fita, ya bar musu turarensa.

Baba ya juyo. "Da me za ka riƙe ta?"

"Sun ba ni teburin yankan tikiti a tasha."

"Yaran da ka koya wa tuƙi za su yi maka dariya."

"Sun riga sun fara."

Baba ya cire gilashinsa ya goge, ya daɗe yana gogewa.

"Na kira ka da sunan da ba naka ba. Ka yafe mini." Ya dubi 'yarsa. "Ke kuma, kin ji da kunnenki. Ciwon nan ba na yau da gobe ba ne. Akwai jinya a gaba."

Auta ta miƙe tsaye.

"Baba, a duk tashar nan nuna mini namiji ɗaya da zai iya abin da ya yi yau."

Baba bai nuna ba.

Aka yi auren. Dogo yana shan maganinsa, wata rana garau, wata rana sai ta maimaita masa magana. In wata ta yi mata jaje, Auta takan dube ta sama da ƙasa ta ce, "Jajen me? Mijina ne ya fi na kowa."

Kullum da safe takan raka shi har bakin tasha. Yakan zauna a ɗan teburinsa ƙarƙashin rumfa, gwiwoyinsa ba sa ma shiga ƙarƙashi. Doguwar motar takan wuce ta gabansa cike da mutane, wani yaro na jan ta, giyar motar tana kuka a hannunsa.

Dogo yakan runtse ido har kukan ya yi nisa.

Sannan ya buɗe, ya ce, "Na gaba! Ina za ki, Hajiya?"